Tsakanin Sudan da Saudiyya, wace ta fi faɗin ƙasa?

A yau Saudiyya ce ta fi faɗi. Adadin da aka fi bugawa shi ne murabba'in kilomita 2,149,690 ga Saudiyya, 1,861,484 ga Sudan, tazarar da ke tsakani 288,206. Wannan tazara kaɗai ta fi ƙasar Gana gaba ɗayanta, kuma ta kai jihar Kano sau goma sha huɗu. To amma in ka faɗi haka a majalisar dattawanmu na Jidda ko Makka, musamman waɗanda suka yi makaranta a Madani ko Gadarif, da wuya a rasa mai cewa a'a, Sudan ce babba a Afirka da ƙasashen Larabawa duka. Ba ƙarya ya yi ba, haka aka koya masa, kuma lokacin da aka koya masa gaskiya ne. Kafin 9 ga Yulin 2011 faɗin Sudan murabba'in kilomita 2,505,813 ne, ta fi Saudiyya da 356,123. Ranar da Sudan ta Kudu ta ɓalle aka juya lissafin. Aljeriya mai 2,381,741 ta zama ta ɗaya a Afirka, Kwango mai babban birni a Kinshasa ta biyu da 2,344,858, Sudan ta koma ta uku. A jerin ƙasashen Larabawa ma ta uku take, bayan Aljeriya da Saudiyya.

Don haka kafin a ɗora adadi kusa da adadi, a fara duba shekarar da aka buga littafin ko taswirar. Har yanzu akwai tsofaffin taswirori a bangon makarantu da shaguna masu nuna Juba, babban birnin Sudan ta Kudu, a cikin Sudan.

Sai dai ko a cikin sababbin littattafai adadin Sudan ba ɗaya ba ne. Za ka ga 1,861,484, za ka kuma ga 1,886,068. Haka Sudan ta Kudu, wani wuri 644,329, wani wuri 619,745. Ga abin da ba kowa ke lura da shi ba: in ka haɗa 1,861,484 da 644,329 za ka sami 2,505,813, in ka haɗa 1,886,068 da 619,745 nan ma 2,505,813 za ka samu. Wato tsohon adadin ne aka raba gida biyu, saɓanin yana kan inda za a yanka, kuma abin da ke yawo tsakanin lissafin biyu murabba'in kilomita 24,584 ne. Iyakar Sudan da Kudu ba a gama daidaitawa a kanta ba, akwai Abyei, akwai Kafia Kingi can kudu da Darfur, akwai wasu gurare a bakin kogin Nilu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki babban adadin Sudan a haɗa da babban adadin Kudu, sai jimilla ta wuce tsohuwar ƙasar, an ƙirga fili ɗaya sau biyu. In ka zaɓi 1,886,068, tazarar Saudiyya za ta sauko zuwa 263,622. Amsar ba ta canza ba, girman ratar ne ya ragu.

A arewa kuma ga Halayib. Yarjejeniyar 1899 tsakanin Ingila da Masar ta sa iyaka a kan layin digiri 22 arewa da ikwaita, miƙaƙƙe. A 1902 Turawa suka ja wani layin na gudanar da mulki don ya dace da wuraren kiwon ƙabilun yankin, wanda ya sa Halayib, kimanin murabba'in kilomita 20,580 a gaɓar Bahar Maliya, ƙarƙashin Khartum, ya kuma sa Bir Tawil, kimanin 2,060, ƙarƙashin Masar. Masar ta riƙe layin 1899, Sudan ta riƙe na 1902, kowa yana son Halayib, kuma duk wanda ya karɓi Bir Tawil ya amince da layin da zai raba shi da Halayib ke nan. Shi ya sa Bir Tawil ba mai neman sa. Tun tsakiyar shekarun 1990 Masar ce ke iko da Halayib a aikace. Taswirar da aka buga a Khartum da wadda aka buga a Alƙahira ba za su ba ka faɗi ɗaya ba, bambancinsu ya kai murabba'in kilomita 18,500.

Ita ma Saudiyya adadinta bai daɗe da tsayawa ba. Tsofaffin littattafai suna da 1,960,582, wasu kuma sun haura 2,200,000, saboda yawancin iyakokinta a cikin rairayi suke, an yi shekaru ba a kafa musu alama ba. Yarjejeniyar Uƙair ta 1922 ta bar yankuna biyu na tsaka-tsaki, ɗaya da Iraƙi, ɗaya da Kuwait, sai daga baya aka raba su. A 1965 an yi musayar fili da Jordan, wadda ta ƙara wa Jordan gaɓar teku kudu da Aƙaba. Iyakar Yaman, mai tsawo ta gefen hamadar Rub'ul Khali, sai a yarjejeniyar Jidda ta 2000 aka kammala ta. Wanda ya ɗauko 1,960,582 ya ajiye kusa da 1,886,068 zai ce ƙasashen biyu kusan kai ɗaya suke, alhali ya haɗa ƙaramin adadi tsoho da babban adadi sabo. Abin da ya fi shi ne a ɗauko duka biyun daga tushe ɗaya, na shekara ɗaya, ko na Majalisar Ɗinkin Duniya ko na Bankin Duniya.

Akwai kuma bambanci tsakanin jimillar faɗi da faɗin tudu zalla. Jimilla tana haɗawa da koguna da tafkuna na cikin ƙasa, amma ba ta haɗawa da teku. Saudiyya ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara, sai kwaruruka da ke kawo ruwa in an yi sama, don haka jimillarta da tudunta ɗaya ake rubutawa. Sudan tana da Nilu biyu, tana da Atbara, tana da tafkunan madatsun Sinnar, Jabal Auliya, Khashmul Girba, Rusairis da Marawi, da kuma wutsiyar tafkin Aswan da ta shigo Wadi Halfa. Wani sanannen kundin gwamnatin Amurka ya ba Sudan ruwa murabba'in kilomita 129,813, tudu 1,731,671. Ni dai ban yarda a yi aiki da wannan ba, domin 129,813 ɗin nan shi ne adadin da kundin yake ba tsohuwar Sudan tun tana haɗe da fadamun Sudd, kuma Sudd yau a Kudu take. An rage jimilla, an bar ruwan yadda yake. A tsaya kan jimilla, ta fi aminci.

Wajen fitar da kashi cikin ɗari ma ana tuntuɓe. Raba 288,206 da faɗin Sudan, za ka sami kashi 15.5 cikin 100: da haka Saudiyya ta fi Sudan. Raba shi da faɗin Saudiyya, za ka sami kashi 13.4: da haka Sudan ta gaza Saudiyya. Duka biyun daidai ne, abin da aka yi ma'auni da shi ne ya bambanta. In kana son ninki, raba babba da ƙarami, 2,149,690 a kan 1,861,484 ya ba da 1.15. Ga wanda Najeriya ce ma'auninsa, faɗinta 923,768, Sudan ta ninka ta sau biyu da ɗan ɗoriya kaɗan, Saudiyya ta ninka ta sau 2.3. Nijar, mai 1,267,000, kashi biyu cikin uku ce ta Sudan.

Su ma ma'aunai suna da nasu tarkon. Kirarin da ake yi wa tsohuwar Sudan, ƙasar mil miliyan, murabba'in mil ake nufi, kuma ainihin adadin kimanin 967,500 ne. Mil ɗaya na tsawo kilomita 1.609 ne, amma murabba'in mil ɗaya murabba'in kilomita 2.59 ne, domin tsawo da faɗi duka ake juyawa. Saudiyya murabba'in mil 830,000 ce. Wanda ya ninka wannan da 1.609 zai sami abin da bai kai miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ba, ya mayar da ita tsarar Cadi. A Sudan manomi da faddan yake lissafi: faddan ɗaya murabba'in mita 4,200, an kasa shi ƙiraɗi 24, kowane ƙiraɗi murabba'in mita 175. Murabba'in kilomita ɗaya faddan 238 ne, ko hekta 100. A Saudiyya filayen gini da murabba'in mita ake sayarwa, gonaki da hekta ko dunum, dunum ɗaya murabba'in mita 1,000. Faddan ɗaya dunum 4.2 ke nan. In aka ce maka wani kamfani ya karɓi hayar faddan dubu ɗari, murabba'in kilomita 420 ne, fili mai tsawon kilomita 21 da faɗin 20.

Yanzu ga inda ido ke yaudarar mutum. Taswirar da ke cikin waya an gina ta ne a kan tsarin Mercator, wanda aka fitar a 1569 don matuƙan jirgin ruwa. Amfaninsa shi ne yana kiyaye kusurwa, in ka ja miƙaƙƙen layi a kansa za ka iya bin sa da kamfas. Farashin wannan shi ne yana kumbura ƙasa gwargwadon nisanta daga ikwaita. Duniya dunƙulalliya ce, layukan da ke tashi daga arewa zuwa kudu suna matsowa kusa da juna har su haɗe a ƙarshe, shi kuma tsarin ya buɗe su ya tsayar da su daidai wa daida, sannan ya ja tsawon ma don siffa kada ta lalace. Lissafin kumburin yana da sauƙi a kalkuletar waya: nemi cos na digirin nisan wurin daga ikwaita (cos maɓalli ne a kalkuletar kimiyya), ninka shi da kansa, raba 1 da abin da ya fito. A Khartum, digiri 15.6, za ka sami 1.08. A Riyad, digiri 24.7, za ka sami 1.21. A Abuja, digiri 9, bai wuce 1.03 ba. A digiri 60 kuwa ninki huɗu ne cur. A tabbata kalkuleta tana kan digiri, in tana kan radiyan amsar za ta fito shirme.

Sakamakon shi ne a fuskar waya Saudiyya tana fitowa kamar ta fi Sudan da kusan kashi 28 cikin 100, alhali 15 ne. Abin ya fi muni in aka nufi arewa sosai. Girinlan faɗinta 2,166,086, wato ta fi Saudiyya da 16,396 kacal, bai kai jihar Khartum ba. Amma a kan Mercator takan yi kafaɗa da Afirka baki ɗaya, nahiyar da ta haura murabba'in kilomita miliyan 30. Don kwatanta faɗi da ido ana buƙatar taswira mai kiyaye faɗi, irin Mollweide, ko Gall-Peters, ko Equal Earth da ta fito a 2018. Galibi ana rubuta sunan tsarin da ƙananan haruffa a ƙasan taswira, kusa da ma'aunin nisa. Ƙwallon duniya na makaranta ma ya wadatar.

Wanda ke son ya auna da hannunsa, hanyar da ta fi inganci ita ce ta yanka ƙasa ɗamara-ɗamara. Ana buƙatar taswira mai layukan digiri, da rula, da kalkuleta. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne a ko'ina. Digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma kuwa kilomita 111.3 ne a ikwaita, yana raguwa, sai an ninka shi da cos na wurin. Ka ɗauki ɗamarar da ke tsakanin digiri 15 da 16 a Sudan, wadda ta ratsa Khartum da Kassala. Daga iyakar Cadi wajen Tina zuwa iyakar Eritiriya gabas da Kassala kusan digiri 13 da rabi ne. A nan digiri ɗaya na gabas da yamma kilomita 107 ne, kowane gida mai digiri ɗaya ta kowane gefe kusan murabba'in kilomita 11,900, ɗamarar duka wajen 160,000. Ka ɗauki ta digiri 24 zuwa 25 a Saudiyya, daga Yanbu a Bahar Maliya, ta wuce Madina da Riyad, zuwa Baɗha a iyakar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ita ma kusan digiri 13 da rabi ce, amma digiri ɗaya a nan kilomita 101 ne, gida ɗaya 11,200, ɗamarar wajen 152,000. Yawan digiri ɗaya, faɗi ya bambanta da dubu takwas. Haka za a bi ɗaya bayan ɗaya, Sudan daga wajen digiri 9 zuwa 22, Saudiyya daga 16 zuwa 32, sannan a tara. A yi amfani da cos na tsakiyar ɗamara, 15.5 ko 24.5, ba na gefenta ba, kuma inda iyaka ta karkace a auna faɗin a tsakiyar ɗamarar. In aka yi a tsanake, kuskuren ba ya wuce kashi kaɗan cikin ɗari.

Tsohuwar hanyar ɗora takarda mai gida-gida a ƙirga tana aiki, cikakkun gidaje a ƙirga su ɗaya, waɗanda iyaka ta yanka a ƙirga su rabi, amma sai a kan taswira mai kiyaye faɗi, kuma ƙasashen biyu su kasance a shafi ɗaya. Littafin taswira yakan ba kowace ƙasa shafinta da ma'auni daban don ta cika takarda, a nan ƙirgan gidaje ba shi da ma'ana sai an juya kowanne da ma'auninsa. In ma'auni ya ce santimita 1 kilomita 100 ce, gida mai santimita ɗaya ta kowane gefe murabba'in kilomita 10,000 ne, ba 100 ba. Taswirar da aka yi wa hoto aka rage ko aka ƙara girmanta, rubutaccen ma'auninta ya tashi aiki, sai dai sandar ma'aunin da aka zana a jiki, ita tana raguwa tare da hoton.

A kwamfuta abin ya fi sauri. Google Earth yana da abin aunawa, ka bi iyaka kana dasa ɗigo har ka rufe zagayen, ya ba ka faɗin da aka lissafa a kan dunƙulalliyar duniya. Masu aiki da QGIS, manhajar zanen taswira, su lura da abu biyu. In fayil ɗin iyakoki a digiri yake kuma ba a saita lissafi a kan siffar duniya ba, amsar za ta fito da murabba'in digiri, wanda ba ma'auni ba ne tsayayye. Na biyu, tsarin taswira na UTM da masu safiyo suka saba da shi an yi shi ne don yanki mai faɗin digiri 6. Sudan ta ratsa yankuna huɗu, daga na 34 zuwa na 37, Saudiyya biyar, daga na 36 zuwa na 40. In aka cusa ƙasa guda cikin yanki ɗaya, gefunanta za su kumbura. UTM na awon gona ne da filin unguwa.

Duk wannan lissafin faɗi ne kawai, bai ce komai ba game da abin da ƙasar ke iya ɗauka, kuma a ganina nan ne kwatancen ya fi amfani. Rub'ul Khali kimanin murabba'in kilomita 650,000 ne, mafi yawansa a cikin Saudiyya, ya fi tazarar da ke tsakanin ƙasashen biyu sau biyu. Lardin Gabas, mafi girma cikin larduna 13 na Saudiyya, ana ba shi 672,522, ya fi Sudan ta Kudu, amma jama'arsa a gaɓar teku suke, Dammam da Khubar da Jubail da Ƙaɗif, sai dausayin Ahsa. Ƙasar noma a Saudiyya ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma yawancinta da ruwan ƙarƙashin ƙasa ake shayar da ita, ruwan da ba ya dawowa. Shi ya sa ƙasar da ta taɓa fitar da alkama waje a shekarun 1980 ta janye daga nomanta daga baya, ta koma saye da neman filin noma a wasu ƙasashe, har da Sudan.

Sudan ma arewacinta hamada ce. Jihar Arewa, mafi girma cikin jihohi 18, ta kai 348,765, amma rayuwa a cikinta siririn zare ne a bakin Nilu. Ƙasar noma a Sudan wajen kashi ɗaya cikin goma ce, Najeriya kuwa ta doshi kashi huɗu cikin goma. Aikin noman Jazira, wanda ya fara da madatsar Sinnar a 1925 aka ƙara masa Manaƙil daga baya, kimanin faddan miliyan 2.1 ne. A juya: murabba'in kilomita 8,800, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasar ba. An tsara shi nimra-nimra, kowace nimra tsawon mita 1,350 da faɗin 280, faddan 90 daidai, a cikinta ake yanka hawasha, wato gonar kowane manomi. Wannan ɗan fili da ba ya ko fitowa sosai a taswirar bango shi ya ɗauki audugar Sudan shekaru da dama, kuma shi da gonakin dawa da riɗi na Gadarif suka zaunar da Hausawa da Fulani masu yawa da suka biyo hanyar aikin Hajji. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya riga madatsar.

In aka raba jama'a da faɗi, ƙidayar Saudiyya ta 2022 ta ba da mutum miliyan 32.2, wato 15 a kowane murabba'in kilomita. Sudan rabonta da ƙidaya tun 2008, tana haɗe da Kudu. Ƙiyasin da ake yi na kusan miliyan 50 yana ba da 27, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba miliyoyi da gidajensu, wasu sun tsallaka Cadi da Masar da Kudu, don haka adadin cunkoso na jiha-jiha da aka buga kafin yaƙin ba ya nuna inda mutane suke yanzu.

Teku ba ya cikin ko ɗaya daga adadin da aka kawo. Sudan tana da gaɓa kilomita 853, Saudiyya 2,640 a tekuna biyu. Dokar teku ta ba kowace ƙasa mil 12 na ruwa a matsayin yankinta, da haƙƙin cin arziƙin teku har mil 200, wato kilomita 370, domin mil na teku ya fi na tudu tsawo. Bahar Maliya a inda ta fi faɗi ba ta wuce kilomita 355 ba, don haka haƙƙin Sudan da na Saudiyya dole su hau kan juna a ruwan da jiragen Sawakin zuwa Jidda ke ratsawa. A 1974 ƙasashen biyu suka yi yarjejeniya: kowa ya riƙe ƙasan teku daga gaɓarsa har inda zurfi ya kai mita 1,000, abin da ke tsakiya mai zurfi, inda laka mai tutiya da tagulla da azurfa take, ya zama na haɗin gwiwa.